Madda Tsakanin Warshu da Hafsu a Arewacin Zamfara

Akwai wata gardama da ta daɗe tana tashi a ƙofar masallatai da zaurukan karatu na ƙasar Hausa, ba ta kuwa tsallake Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba. Dattijon liman wanda ya yi karatun allo ya kan ja salla, in ya zo kalmar malik a cikin Fatiha sai ya furta wasalinta na farko gajere, sa'an nan in ya shiga sura ya tarar da dogon wasali gaban alhamza sai ya ja shi har numfashi ya kusa ƙarewa. Saurayin da ke bayansa, wanda ya koyi tajwidi a makarantar Islamiyya, sai ya fita yana cewa liman ya rage inda ya kamata a ja, ya kuma wuce iyaka inda ya kamata a tsaya tsakani. Shi kuma gardin tsangaya in ya ji karatun saurayin sai ya ce yaran yanzu suna yanke wa Alƙur'ani ja. Kowannensu yana ganin ɗan'uwansa ya yi lahani, alhali sau da yawa ba wanda ya yi kuskure a cikinsu. Maganar ba ƙarama ba ce, domin ta kan kai ga a zubar da girman malamin da ya shekara arba'in yana karantarwa, ta kan kuma sa yaro ya yi shakkar sallar da ya yi bayan mahaifinsa.

Nufin wannan takarda shi ne a bi tarihin jan wasali a karatun Alƙur'ani cikin wannan yanki, a kuma rarrabe abubuwa uku waɗanda masu gardamar su kan cakuɗa, watau bambancin ruwaya, da halin harshen Hausa, da muryar da a ke rera karatu da ita.

Ƙasar da hanyoyinta

Garuruwan nan uku suna cikin kwarin gulbin Gagare da na Bunsuru, waɗanda su ke haɗuwa su zuba cikin Rima. Kusa da Isa kufan Birnin Zamfara ya ke, birnin da Gobirawa suka ci a tsakiyar ƙarni na 18, suka kafa Alƙalawa a ƙasarsa. Cikin Zamfara ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara biyar yana wa'azi kafin jihadi, kamar yadda ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a cikin Tazyinul Waraƙati. Da aka fara yaƙi a 1804 Alibawan Zurmi suka bi Shehu. Jaruminsu Muhammadu Namoda yana cikin waɗanda suka ci Alƙalawa a 1808, ya kuwa rasu a yaƙin Kiyawa wajen 1810, sunansa garin Ƙaura ya ɗauka. Sarautar Zurmi ta zama Sarkin Zamfara, ta Ƙaura kuwa Sarkin Kiyawa.

Abin da ya shafi karatu a cikin wannan labari shi ne hanya. Babbar hanyar Katsina zuwa Sakkwato ta nan ta bi: Clapperton ya ratsa Zurmi a 1824, Barth kuma ya bi ta Zurmi da Badarawa a 1853. Kasuwar Alhamis ta Shinkafi ta yi suna wajen tara fatake har daga ƙasar Maraɗi. Inda fatake suka bi, nan almajirai su ke bi. Wanda ya ke son fiƙihu da nahawu da tafsiri ya kan nufi yamma, wajen Sakkwato da Gwandu. Wanda ya ke son hadda kuwa gabas ya kan yi, ya bi ta Katsina da Kano da Haɗeja har Barno, ya yi shekaru, ya komo alaramma. Sabo da haka kunnen mutanen wannan yanki ya saba da karatun gabas da na yamma, duka biyu kuwa ruwayar Warshu ce.

Hukuncin madda a taƙaice

Madda a wurin malaman tajwidi ita ce tsawaita sauti bisa ɗaya daga haruffa uku: alif wanda fataha ta gabace shi, da wau mai ɗauri bayan rufu'a, da ya mai ɗauri bayan kisira. Asalinta yana cikin hadisi. Buhari ya ruwaito cewa an tambayi Anas ɗan Maliku yadda karatun Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ke, ya ce karatu ne mai ja, ya kuma gwada da kalmomin Bismilla. An kuma ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu ya ji wani mutum ya karanta aya ta 60 ta Suratut Tauba bai ja kalmar matalauta ba, sai ya tsai da shi ya nuna masa yadda aka karantar da shi.

Malamai sun kasa madda gida biyu. Akwai ta asali, wadda harafi ba ya tsayuwa sai da ita, tsawonta haraka biyu. Wanda ya zubar da ita ya canja kalma, wani lokaci ma ya juya ma'ana, domin a Larabci laa mai ja korewa ce, la gajere kuwa ƙarfafawa ce. Sa'an nan akwai ta reshe, wadda a ke ƙara wa tsawo sabo da dalili, dalilin kuwa ba ya wuce alhamza ko ɗauri.

In alhamza ta bi harafin madda a cikin kalma guda, kamar jaa'a da samaa', ita ce muttasili. In harafin madda yana ƙarshen kalma, alhamza tana farkon ta gaba, kamar yaa ayyuhaa, ita ce munfasili. In alhamza ce ta gabata, kamar aamana, ita ce badali. Ta wajen ɗauri kuwa, in ɗaurin tabbatacce ne, ko an tsaya ko an zarce, kamar kalmar ƙarshe ta Fatiha inda shadda ta bi alif, ita ce lazimi. In tsayawa ce kaɗai ta kawo ɗaurin, kamar ƙarshen yawancin ayoyi, ita ce aridi. Akwai kuma lini, watau wau ko ya mai ɗauri bayan fataha, kamar hauf da bait. Haruffan da a ke buɗe surori 29 da su suna da nasu lissafi: alif ba ja, biyar a kan ja su haraka biyu, takwas kuwa shida, sai dai ain da a ke yarda a tsaya hudu.

Magabata da alif su ke auna tsawo, su ce alif ɗaya, alif biyu, alif uku. Na baya suka auna da haraka, suka koya wa yara su riƙa naɗe yatsa ko miƙe shi. Matakan uku ne: ƙasaru haraka biyu, tawassuɗi hudu, ishba'i shida. Awon nan ba na agogo ba ne, yana tafiya da saurin mai karatu, sabo da haka shidan mai karatu a hankali ya fi shidan mai sauri tsawo. Sharaɗi dai shi ne a daidaita: wanda ya fara munfasili da hudu kada ya koma biyu a aya ta gaba. In kuwa dalili biyu suka haɗu bisa harafi guda, mai ƙarfi a ke bi, jerinsu kuwa lazimi, muttasili, aridi, munfasili, badali.

Dukan masu ƙira'a sun haɗu bisa shida a lazimi, sun kuma yarda da biyu ko hudu ko shida a aridi. A sauran ne suka rabu. Hafsu, ta hanyar Shaɗibiyya, ya kan ja muttasili da munfasili hudu ko biyar, badali kuwa biyu rak. Warshu, ta hanyar Azraƙ, ya kan ja muttasili da munfasili shida cif, ya yarda da biyu ko hudu ko shida a badali, ya kuma ja lini in alhamza ta bi shi cikin kalma, kamar shai', hudu ko shida. Har wa yau in mimin jam'i ya haɗu da alhamza ya kan sadar da shi da wau ya ja shida. Da ya ke munfasili da badali suna da yawa ƙwarai a cikin Alƙur'ani, shafi guda na Warshu ya fi na Hafsu yawan ja nesa ba kusa ba. Kalmar malik kuwa ba ta cikin wannan babi sam: Nafi'u, malamin Warshu, gajere ya karanta ta, Asimu, malamin Hafsu, da ja ya karanta ta, duka biyu kuwa mutawatiri ne.

Yadda Warshu ya zauna

Nafi'u ɗan Abdurrahmani shi ne shugaban masu karatu na Madina, ya rasu a 169 bayan Hijira, a wurinsa ma Imamu Maliku ya karanta Alƙur'ani. Usmanu ɗan Sa'idu, mutumin Masar, ya tafi Madina ya karanta a gare shi, Nafi'u ya yi masa laƙabi da Warshu. Ya koma Masar ya karantar har ya rasu a 197, watau 812. Daga cikin almajiransa Abu Ya'aƙuba Azraƙ shi ne wanda hanyarsa ta bazu yamma. Muhammadu ɗan Hairun, wanda ya rasu a 306, yana cikin waɗanda suka kafa ta a Ƙairawan. Da ya ke mutanen Magrib da Andalus mazhabar Maliku su ke bi, karatun malamin Maliku ya zauna musu daidai.

A Andalus aka tsara ilmin. Abu Amru Addani, wanda ya rasu a 444, ya rubuta Taisiru bisa ƙira'o'i bakwai waɗanda Ibnu Mujahid ya zaɓa a Bagadaza. Shaɗibi, wanda ya rasu a 590, ya mai da shi waƙa, ita ce Hirzul Amani. Ibnu Barri, mutumin Taza a Maroko, wanda ya rasu wajen 730, ya keɓe ƙira'ar Nafi'u ya waƙe ta a cikin Durarul Lawami'i. Waɗannan littattafai suka ƙetaro hamada tare da Risala da Muhtasar, haka kuma rubutun Magrib, mai fa da ɗigo ɗaya a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a bisa.

Shugabannin jihadi sun san sauran ƙira'o'i, amma sun san abin da jama'arsu ke karantawa. Abdullahi ɗan Fodiyo ya kawo ƙira'o'i dabam dabam a cikin babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda ya gama a 1231. Da ya zo taƙaita shi domin masu ƙaramin ƙarfi, a cikin Kifayatu Lu'afa'is Sudani, sai ya tsaya bisa ruwayar Warshu. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa a farkon ƙarni na 19 Warshu ne karatun gama gari a ƙasar da Zamfara ke cikinta.

Sai dai fa yaron tsangaya ba daga waɗannan littattafai ya ke koyon madda ba. Daga bakin malam ya ke ɗaukarta, da kuma allo. Ya kan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, inda ya ke sanin wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri. A cikin mus'hafin hannu baƙaƙe da baƙar tawada a ke rubuta su, wasula da alamar madda da jar tawada, alhamza da rawaya. Alif ɗin da ba ya cikin rasmu da ja a ke sa shi, shi ya sa a ke ce masa alu ja, a bambanta shi da alu baƙi. Gardi zai iya jan muttasili shida ba kuskure shekara da shekaru ba tare da ya taɓa jin sunan muttasili ba. Wannan shi ne ƙarfin tsangaya, nan kuma rauninta ya ke, domin ran da aka tambaye shi hujja ba shi da kalmar da zai kāre kansa da ita.

Kunnen Bahaushe

A nan ne ilmin harshe ya ke da abin faɗi. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, sabo da haka a misalan da ke tafe za a ninka wasali in dogo ne.

Bahaushe ya shigo karatun Alƙur'ani da wata riba wadda masu harsuna da yawa ba su da ita: harshensa yana bambanta dogon wasali da gajere. Garii wurin zama ne, gaarii na tuwo ne. A dafaa abinci, a daafaa bango. Baaƙoo shi ne wanda ya sauka, Baaƙo kuwa sunan mutum ne. Don haka maddar asali ba baƙuwa ba ce a kunnensa, kuma da aka zo rubuta ajami sai aka ɗauki alif da wau da ya aka nuna tsawo da su, abin da boko ya kasa yi har yau. Wannan bambanci ne kuma ya ba mawaƙan ƙarni na 19 damar ɗora waƙar Hausa bisa ma'aunan Larabci. Ajami ya ci wani gado kai tsaye daga mus'hafin Warshu: ɗigon da a ke sa wa ƙarƙashin harafi don nuna imala shi aka ɗauka aka rubuta wasalin e da shi, tun da Larabci ba shi da alamar wannan wasali.

Amma ribar tana da iyaka ta wajen biyu. Na farko, Hausa matakai biyu kaɗai ta sani, gajere da dogo. Ba kalmar Hausa da ke rabuwa da wata don an ja ta hudu maimakon shida. Sabo da haka kunnen mai koyo ya kan ji tawassuɗi da ishba'i duk ja ne, sai an yi masa horo na musamman.

Na biyu ya fi nauyi. Gaɓar Hausa iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali, ko baƙi da gajeren wasali da baƙi mai rufewa. Dogon wasali ba ya zama cikin rufaffiyar gaɓa. Da zarar baƙi ya rufe gaɓa sai wasalin ya gajarce: gidaa amma gidan sarki, raanaa amma raanar kasuwa. Haka tagwan wasali ya ke: rai amma ransa, kai amma kansa, mai amma man shanu. Karin harshen Zamfara da Sakkwato ya ƙara fito da wannan doka fili, domin inda Bakano ke cewa huulaa da jaakii da kaasuwaa, mutumin Zurmi ko Shinkafi ya kan ce hullaa da jakkii da kassuwaa. Nauyin gaɓar ɗaya ne: ko a cika ta da ja, ko a cika ta da baƙi, amma ba a haɗa mata biyun.

To, maddar lazimi da ta aridi da lini a wurin tsayawa, abin da su ke nema ke nan daidai, watau ja da rufewa a gaɓa guda. Kalmomin aro sun nuna yadda harshen ya saba warware wannan matsala. Ko dai ya ƙara wasali a ƙarshe ya tsare jan, ko ya bar rufewar ya zubar da jan. Daga imaam aka sami liimaamii da liiman. Daga Usmaan aka sami Usmaanu da Usman. Haaruun ya zama Haaruuna, aamiin ta zama aamin, amma Amiinu ya tsira da jansa don an ƙara masa wasali. Abin da harshe ya yi wa kalmomin aro shi ya kan so ya yi wa aya. Sabo da haka a bakin mai koyo a kan ji ɗayan biyu: ko ya gajarta ƙarshen aya, iin ta koma in, ko ya tsaya bisa wasalin da ya kamata ya ɗaure. A lazimi kuwa, ko ya ja ya saki shadda, ko ya riƙe shadda ya saki ja. Wannan kuskure ne a wurin Warshu da Hafsu baki ɗaya, kuma ɗan tsangaya da ɗan Islamiyya duk suna iya faɗawa cikinsa, tun da harshen uwa ɗaya su ke da shi.

Akwai wani abu kuma. Gajeren wasali na ƙarshen kalmar Hausa, in an tsaya a kansa, da ɗan maƙalewar maƙogwaro ya ke ƙarewa, kamar a sunan Baaƙo. Mai koyo in ya gaggauta tsayawa bisa alif ya kan yanke shi da irin wannan maƙalewa, sai ya zama ya ƙara alhamza inda babu ita.

Wani abin lura shi ne yadda waɗansu tsofaffin kalmomin aro suka dace da furucin Warshu. Warshu ya kan mai da alhamza mai ɗauri harafin madda, ya ce muumin, Bahaushe kuwa muuminii ya ke cewa. Ya kan kuma ɗauke wasalin alhamza ya ɗora wa lam na gabanta, Bahaushe kuwa laahiraa ya ke cewa. Ba za a jingina wannan ga karatu kaɗai ba, domin Larabcin bakin mutanen Magrib, wanda fatake suka zo da shi, shi ma haka ya ke sassauta alhamza. Abin da za a iya cewa shi ne hanyoyin biyu sun bi da harshen waje guda.

Abu na uku da a ke cakuɗawa shi ne murya. Karatun tsangaya na taro ne, da ƙarfi, gefen wuta da dare ko da asuba, kowane yaro da allonsa. Irin wannan rerawa tana da nata kari, karin kuwa ya kan ja wasali inda numfashi ya faɗi, ko da hukunci bai ce a ja ba. Haka mai kwaikwayon muryar kaset ya kan ƙara ja don daɗin sauti. Wannan ba ruwaya ba ce, ba kuma dokar Hausa ba ce, al'adar rerawa ce, alarammomi na ƙwarai sun daɗe suna tsawata wa gardawa a kanta.

Zuwan Hafsu

Hafsu ɗan Sulaimanu, wanda ya rasu a 180, ya ɗauko karatunsa daga Asimu na Kufa. Ruwayarsa ta bazu a gabas zamanin daular Usmaniyya ta Turkawa, sa'an nan injin ɗab'i ya ƙara mata ƙarfi, musamman mus'hafin da aka buga a Alƙahira a 1924. Ba a daɗe ba, a 1929, layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda, garin ya zama ƙarshen layi, matattarar gyaɗa da auduga. Kayan Kano da na Ikko suka sami hanyar shigowa arewacin Zamfara cikin kwanaki kaɗan, littattafan ɗab'i suna cikinsu.

Duk da haka ɗab'i bai kori Warshu nan da nan ba. Mutane ba su saba da rubutun gabas ba, sabo da haka masu buga littattafai suka riƙa ɗaukar hoton mus'hafin hannu suna bugawa, irin na Sharu Bala na Gabari a Kano, har ya zama mus'hafin ɗab'i na kasuwa ma Warshu ne da rubutun gida. Canjin ta kunne ya fi shigowa. Makarantar Shari'a ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 da malamai daga Sudan, aka mai da ita Makarantar Koyon Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da malamai waɗanda suka saba da littattafan gabas. Jirgin sama ya sauƙaƙe aikin hajji tun daga shekarun 1950, alhazai suka ji karatun Makka da Madina da kunnensu. A 1961 Shaihu Mahmudu Halil Alhusari na Masar ya ɗauki Alƙur'ani duka a faifai da ruwayar Hafsu, rediyo da kaset suka kai irin wannan murya kowane ƙauye. Shi wannan shaihi ya sake ɗaukar Alƙur'ani da ruwayar Warshu a 1964, abin da ya kamata masu gardama su sani.

Bayan wannan abubuwa suka bi juna da sauri. An kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, makarantun Islamiyya suka yawaita, nata da na ɗariƙu. A 1984 aka buɗe maɗaba'ar Sarki Fahad a Madina, alhazai suka riƙa komowa da mus'hafin Hafsu kyauta. A 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Sakkwato, wadda aka sa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta fara musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, inda alƙalai ke rage maki bisa kuskuren tajwidi. Da aka ƙirƙiri Jihar Zamfara a 1996, ƙananan hukumomin Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi suka shiga tsarin fid da gwani na sabuwar jiha. Littattafan da a ke koyar da tajwidi da su a waɗannan makarantu, Tuhfatul Aɗfali ta Jamzuri wadda aka waƙe a 1198 da Muƙaddima ta Ibnul Jazari wanda ya rasu a 833, a aikace bisa awon Hafsu a ke sharhinsu.

Ta haka aka wayi gari yaro ɗan shekara goma sha biyu yana da sunan kowace madda da adadin harakarta, amma na ruwaya guda, alaramma kuwa yana da ruwaya ta dabam a bakinsa ba tare da sunayen ba. Kalmar tajwidi ta koma kamar sunan karatun Hafsu, alhali Warshu ma da nasa tajwidi, wanda babin maddarsa ya fi na Hafsu faɗi da wuya.

Abin da ya rage ga malamai

Malamin kwalejin horon malamai wanda ya ke shirya masu koyar da Larabci da addini yana iya rage wannan gardama da abu kaɗan. In ɗalibi ya ce wane ya yi kuskuren madda, tambayar farko ita ce da wace ruwaya ya ke karatu. Shida a munfasili, ko ja a badali, ko gajarta malik, daidai ne ga mai Warshu. Hudu a muttasili daidai ne ga mai Hafsu. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne a gauraya su cikin karatu guda ba da sani ba, wannan kuwa ya fi samun wanda ya fara da allo ya ƙare da Islamiyya. Tambaya ta biyu ita ce ko wurin rufaffiyar gaɓa ce. In ita ce, to gyaran daga Hausa ya kamata a faro shi: a sa ɗalibi ya furta liiman da liimaamii, ya ji abin da harshensa ke yi, sa'an nan a nuna masa cewa aya tana neman jan liimaamii tare da rufewar liiman. Wanda ya gane wannan sau ɗaya ya fi wanda aka yi ta ce wa ya ƙara ja ba a gaya masa dalili ba.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan sassan Hausa da na Larabci, wanda ba ya son jinkiri. Tun wajen 2011 rashin tsaro ya addabi wannan yanki, ƙauyuka da yawa na ƙasar Zurmi da Shinkafi sun watse, a 2021 har aka rufe makarantu da kasuwannin mako aka yanke layukan waya na wani lokaci. Tsangaya da gona ta ke rayuwa, in ƙauye ya tashi ita ma ta tashi, alaramman da ya koma birni gudun hijira kuwa jikokinsa Islamiyya za su shiga. Mus'hafin hannu a kan iya ajiye shi a akwati, amma tsawon ja ba ya cikin takarda, alamar madda guda ce bisa hudu da shida. Ya kamata a ɗauki muryoyin dattawan nan, a rubuta sunan malamin kowannensu da garin da ya yi hadda, ko gabas ko yamma. In aka sa kowane ɗaya ya karanta Fatiha, da rubu'in farko na Baƙara, da farkon Suratu Maryam, an sami lazimi da aridi da muttasili da munfasili da badali da lini da haruffan buɗe sura duka, na'ura kuwa tana iya auna tsawon kowane wasali a gwada shi da abin da Ibnu Barri ya tsara.